Motar Da Aka Ɗumama

Ranar da Auta ta fara taka filin sayar da motoci na hannu, idanunta a kumbure suke. Ta tsaya a bakin ƙofa rungume da jakarta, tana kallon motoci a jere ƙarƙashin rumfa, kowace an wanke ta tana sheƙi kamar ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ba ta gama sallama ba dillalai suka yi mata caa.

"Hajiya, ga taki nan, ke take jira."

"Hajiya, zo ki ga wannan. Mace ce ta hau ta, daga gida sai wajen aiki."

"Rabu da shi, Hajiya. Duk motar da ke hannunsa mace ce ta hau. Matar nan dai ta sha tuƙi!"

Aka kwashe da dariya. Auta ba ta yi ba. Suka ja ta gaban wata jar mota, ɗaya ya buɗe ƙofa, ƙamshin turare ya bugi hancinta. Ya murɗa makulli, inji ya tashi nan take, ko tari bai yi ba. Zuciyarta ta ce mata shi ke nan, a biya a tafi, wahala ta ƙare.

"Ki taɓa bonet."

Ta juya. Wani dogon saurayi ne zaune a kan tsohuwar taya, da kofin shayi a hannunsa. Ƙasa yake kallo, ba ita ba.

"Ga shi nan ya fara," in ji mai makullin. "Ɓata-ciniki! Allah ya raba mu da bakinka."

Sunan da duk filin ke kiransa ke nan. Auta ta miƙa hannu ta ɗora a kan bonet, ta janye da sauri. Da zafi.

"Yanzu aka tashe ta a gabanki," in ji saurayin. "Safiya ce, kuma a inuwa take. Me ya ɗumama ta?"

Ya miƙe ya nufi ƙofa, ta bi shi kamar wadda aka ja da igiya.

"Mota kamar mutum take," ya ce da suka fita. "Kowa ya iya fara'a in ya wanke fuska ya karya. In kina son sanin halinta, ki same ta da sassafe, ta kwana ba a taɓa ta ba, ki tashe ta da hannunki. Wadda aka ɗumama kafin ki zo, akwai abin da ake ɓoye miki."

Sai kawai Auta ta fashe da kuka, a nan bakin titi. Ya rasa yadda zai yi. Ya aro benci wajen mai shayi, ya tsaya nesa kaɗan har ta lafa, sannan ta gaya masa.

Babanta, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne tun yana saurayi. Ƙodarsa ta daina aiki, sai an riƙa kai shi asibiti wankin ƙoda, asibitin kuwa yana can ƙarshen gari. In ka makara, a ba wani injinka, kai kuma ka koma gida ka kumbura. Jiya mai tasi ya sauke su a tsakiyar hanya don Baba ya yi amai a motarsa. Ta zauna a gefen titi riƙe da kan mahaifinta, motoci na wucewa. Shi ne yayyenta da ke nesa suka haɗa abin da suke da shi, Umma ta sayar da sarƙarta, aka damƙa mata ta sayo mota. Ita kaɗai ta rage a gida.

"Ba mu da na yin kuskure," ta ce. "In wannan ya tafi, babu wani."

Ya ce, "To ba mota mai kyau kike nema ba. Motar da za ta tashi kike nema. Wa zai tuƙa?"

"Ni. Babana ne ya koya min."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai.

"To sannu, Direba."

Sunan ya bi ta daga ranar.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta.

"Direba, darasin yau. In kin je ganin mota ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashinta. In ƙasa ta jiƙe da baƙin mai, ki yi musu sallama. In kuma kin ga an zuba sabon yashi a wurin, ki yi sallamar da gudu. Ya jikin Baba?"

Ta amsa: "Da sauƙi, ya ɗan ci abinci. Wai kai dillali ne ko mai korar masu saye? Da me kake cin abinci?"

"Da cokali."

Umma na ɗakin, ta ji dariyar da ta kwana biyu ba ta ji ba a gidan. Ta ci gaba da ninke kaya.

Ranakun da ba asibiti, sai su zaga ganin motoci. Yana da ɗan maganaɗisu da yake naɗewa a hankici. Ya bi jikin mota da shi, inda ya ƙi kamawa ya ce, "Nan an buge ta an cike, fenti ne kawai ya rufa asiri." Ya nuna mata robar birki. In ta cinye har ƙarfe ya fito amma mita na cewa motar ba ta yi tafiya ba, to ɗaya daga cikinsu maƙaryaci ne, kuma ba robar ba ce. Ya sa ta karanta lambar da ke jikin mota da bakinta, shi kuma yana bin ta takarda da yatsa. Dillalai suka fara canja hanya in sun hango su.

Wani saƙon ya same ta a barandar asibiti, tana jiran a gama wa Baba wanki.

"Kada ki yarda a kunna miki rediyo wajen gwaji, ƙarar inji ake rufewa. Kada ki faɗi ranar da za ki zo. Kuma kada ki ga mota da yamma. Kowace mota kyakkyawa ce da magariba."

"Har da mutane?" ta rubuta.

"Ban da ke. Ke da safe na gan ki, kin sha kuka, ba kwalliya, kuma tun ranar ban dawo daidai ba."

Ta karanta, ta kife wayar a cinya, ta sake ɗauka ta karanta. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura: "Ɓata-ciniki, ka ɓata min tunani."

"Allah ya sa kada ya gyaru, Direbata."

Ana haka ya samo mota. Ruwan toka ce, fentinta ya koɗe, ƙofar baya ta lotsa. Ta wani dattijo ce da idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa suka kawo ta filin. Auta ta kalle ta ta taɓe baki.

"Mummuna ce," ya ce, "amma ba ta ƙarya. Kada ki yarda da ni. Ki zo duk safiyar da kika ga dama ki tashe ta da kanki."

Maganar mota ce ta kai maganarsa gaban Baba. Auta ta gaya wa Umma, Umma ta jira ranar da ya ɗan ji ƙarfi ta gaya masa, ta haɗa da cewa yaron yana son turo manyansa.

"Me yake yi?"

"Malam, yaron kirki ne."

"Na ce me yake yi?"

"Dillalin mota ne."

Baba ya yunƙura ya zauna, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba. Ya sa aka kira Auta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

"Uwata, zauna. Kin san me ya sa na tsufa ina tuƙa motar wasu?"

Ta sani. Kowa a gidan ya sani. Ya yi shekaru yana tarawa har ya sayi tasa, a hannun wani dillali da ya yi masa rantsuwa har da hawaye. Tafiyar farko da kaya inji ya buga. Bai sake tashi ba, shi da motar.

"Mutumin da abincinsa yake cikin rufe aibi, ba zan ba shi 'yata ba. Wallahi in dai ina numfashi, ba za a yi ba."

Auta ta fita ta shiga bayan gida ta toshe bakinta da mayafi. Ba ƙin ne ya fi yi mata ciwo ba, sharaɗin ne. Numfashin nan shi take ta gudu a kansa dare da rana, ga shi an ɗora shi tsakaninta da wanda take so. Ba ta son ranar da hanya za ta buɗe mata.

Akwai ɗan Gwaggo, ɗan ƙanwar Baba, mai shagon sayar da waya. Ya daɗe da sa ido a kan Auta. Ba ya zuwa sai ya kira tukuna, ya zo fes da ƙamshi da ledar kayan marmari. Da ya ji ana neman mota ya ce ai a bar masa. Washegari da la'asar sai ga shi da wata fara a ƙofar gida, tana kunne, sanyi na fita ta taga.

"Ta abokina ce, Kawu. Sabuwa ce a ce."

Baba ya leƙa ta taga daga kan gadonsa ya gyaɗa kai. "Jininki ba zai cuce ki ba, Uwata."

Ta roƙe shi ya bari ta gwada mai ruwan tokar sau ɗaya. Ya ce ta je, amma da ɗan Gwaggo.

Ba ta gaya wa kowa ranar ba, yadda aka koya mata. Suka isa filin rana ba ta gama fitowa ba. Motar na nan a inuwarta. Auta ta yi bismilla ta ɗora hannu a bonet.

Da ɗumi.

Ta ɗaga hannun ta sake ɗorawa a wani wuri. Da ɗumi.

Dillalin nan mai jar mota ya matso yana murmushi. "Ai Hajiya kullum da asuba sai Ɓata-ciniki ya fita da ita. Kullum. Yanzu ma ya dawo."

Ɗan Gwaggo ya tafa hannu. "Malamin gaskiya ke nan!"

Sai ga saurayin ya fito daga bayan rumfa. Fuskarsa ta washe da ya gan ta, sannan ya ga inda hannunta yake.

"Ka tashe ta yau?"

"Na tashe ta, Direba, amma tsaya ki ji..."

"Jiya fa?"

"Jiya ma, amma..."

"Har kai?"

Ba ta tsaya ba. A hanya ta tura masa: "Kai ka koya min. Wadda aka ɗumama akwai abin da ake ɓoyewa. Da ran babana ka yi wasa. Kada ka sake kirana."

Amsarsa ta shigo kafin su isa gida. Ba ta buɗe ba.

A ranar aka biya kuɗin farar mota. Ɗan Gwaggo ya kawo ta da yamma, a kunne kamar kullum, ya miƙa makulli. Washegari ranar wanki ce, kuma ba ranar wasa ba ce, don wankin ƙodar baya ya wuce su saboda rashin abin hawa. Ƙafafun Baba sun kumbura har takalmi ba ya shiga, numfashinsa ana jin sa daga tsakar gida.

Aka wayi gari da ruwan sama da sanyi. Auta da Umma suka tallafo Baba da ƙyar suka kwantar da shi a kujerar baya. Ta zauna, ta murɗa makulli.

Inji ya yi ƙugi ya yi shiru.

Ta sake. Ya yi tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida, ya mutu.

Ta sake, ta sake. Maƙwabta suka fito cikin ruwa suka tura har ƙarshen layi, suka turo ta baya. Ba ta tashi ba. Wani ya gudu bakin titi neman tasi, ya dawo a jiƙe hannu wofi. Ta kira ɗan Gwaggo, waya a kashe. Ta juya ta kalli baya. Baba ya daina magana, bakinsa a buɗe, yana jan iska kamar mai hawa dutse.

"Baba, don Allah. Baba, ka jira ni."

Ta dinga dukan sitiyari da hannu biyu.

Umma ta riƙe kafaɗarta. "Kira shi."

"Umma, na ce masa kada..."

"Na ce ki kira shi!"

Ƙara ɗaya ya ɗauka. "Direba?"

"Baba ne," shi ne abin da ta iya cewa.

"Ga ni nan."

Ba a daɗe ba mummunar motar nan ta shigo layin tana fasa ruwa. Bai gaisa da kowa ba. Ya buɗe ƙofa ya sungumi Baba kamar yaro ya mayar da shi cikinta, Auta ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta, Umma a gefe tana ta addu'a.

Ya ja. Bai tambayi hanya ba. Kafin su kai wani rami da ruwa ya rufe, ya riga ya kauce. Kafin tudun da ake yi a titi don rage gudu, ya riga ya taka birki, ya haye shi a hankali, kan Baba ko motsi bai yi ba. Inda cunkoso yake ya yanke ta wani lungu da Auta ba ta taɓa sani ba.

Can sai ga muryar Baba, ƙasa ƙasa, idonsa a rufe.

"Injin nan ba ya ƙarya."

"Malam, yi shiru ka huta," in ji Umma.

"Yaro... canja giya. Kana wahalar da ita."

"To, Baba."

"Ka san hanyar nan."

"Na sha bin ta, Baba."

Sun isa ana gab da kiran wani. Aka shige da Baba. Auta ta zube a bencin baranda. Sai a lokacin ta ciro waya ta buɗe saƙon da ta ƙi buɗewa.

"Direba, ba don ke na ɗumama ta ba. Kullum da asuba nake tashinta a sanyi in ga ko akwai ranar da za ta ƙi, sannan in bi da ita hanyar asibiti in ga inda za ta girgiza Baba. Laifina ne da ban gaya miki ba. Ko ba za ki saye ta ba, ko ba za ki sake kallona ba, don Allah kada ki biya kuɗin motar da ba ki tashe ta da safe ba."

Ta ɗago. Yana tsaye jikin bango, ruwa na ɗiga daga rigarsa.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kin ba ni wuri?"

"Ka yafe min."

"Haba Direba. Ni na koya miki, kuma kin ci jarrabawa. Malami ba ya fushi don ɗalibi ya kama shi." Ya shafa ƙeya. "Amma tun jiya shayi ba ya shiga."

Ta yi dariya tana kuka.

Ɗan Gwaggo ya rantse bai sani ba, shi ma a kunne ake kawo masa ita. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Gwaggo ta yi fushi ta daina zuwa. An mayar da farar motar da jan rai, kuɗin bai dawo duka ba, amma dattijon mai ruwan tokar da ya ji dalili ya ce a kawo abin da ya rage. Tun daga nan ba a sake makara ba.

Sai dai Baba bai janye maganarsa ba.

"Na gode masa," ya ce wa Umma. "Amma godiya daban, aure daban. Kowa mutumin kirki ne ranar da ake kallonsa."

Likita kuwa ya riga ya ja Umma gefe ya gaya mata zuciyar ma ta gaji. Auta ta gani a fuskarta ba sai an faɗa mata ba. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta tura masa: "Ka yi haƙuri da ni. Ba zan iya roƙonsa ba, kuma ba zan iya jiran abin da ya ce in jira ba. Ban san inda zan sa kaina ba."

Ya amsa: "Ki sa shi wajen Baba. Ni ina nan. Allah ya ja kwanansa ko da zan tsufa a kan taya."

Wata safiya da ba ta asibiti ba, bayan sallar asuba, Baba ya ce, "Uwata, ɗauko makulli. Wayarki kuma ki bar ta a nan."

Umma ta yafa mayafi ta bi su. Shi ya riƙa nuna hanya da yatsa, har ya sa ta tsaya a tsallaken filin motoci, bayan teburin mai shayi. Ya ce ta kashe.

Ana buɗe filin ke nan. Mai filin, wani ƙaton mutum, ya fito da tarin makullai yana rabawa. Dillalai suka bazu suna tashin motoci, suna taka totur, hayaƙi ya cika rumfa. Can gefe ga Ɓata-ciniki da tsohuwar singileti, wando a naɗe, gashi ba a taje ba, yana wanke wata mota da bokiti. Mai filin ya jefa masa makulli. Ya cafe, ya ajiye a kan bonet, ya ci gaba da wankinsa.

"Kai kaɗai ne mai tsoron Allah a filin nan?" Har tsallake ana jin muryar mai filin.

"Maigida, zan wanke, zan share, zan sayar. Ban da wannan."

"To ɗauki tayarka ka bar min fili!"

Baba ya sauke gilashi ya yafito mai shayi. "Ɗana, me ke faruwa can?"

"Ai Baba kullum haka suke karyawa. Ya kore shi ya fi a ƙirga. Da rana kuma ya aika a kira shi, don duk wanda ya sayi mota a hannunsa sai ya turo ɗan'uwansa."

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Dokar nan ta taɓa bonet, na san ta tun ba a haife ku ba. Na ajiye ta don ɗan ƙanwata ne, ta kusa kashe ni. Jeka kira min shi."

Ya tsallako yana goge hannu a wando. Da ya ga waɗanda ke cikin motar ya tsaya cak, ya kalli singiletinsa, sannan ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Ina kwana, Baba. Ina kwana, Umma. Da na san za ku zo..."

"Da ka ɗumama," in ji Baba.

Ya buɗe ƙofar. Ya miƙa kumburarren hannunsa a hankali ya ɗora a kan saurayin, gashin duk ruwan wanki. Ya bar shi a nan. Ya juya ya kalli Umma.

"Da sanyi."

Umma ta rufe fuska da mayafi.

"Uwata, wannan ba a taɓa shi ba. Ya kwana, ya tashi da kansa." Ya koma kan saurayin. "Na yi rantsuwa a kanka, zan yi kaffara. Ka turo manyanka. Kada ku ja lokaci, ni ma injina ya fara ƙi da safe."

Auta ta kifa kai a sitiyari, hon ya ɗauka, duk filin ya juyo. Dillalin jar mota ya ɗaga murya, "Yau dai ciniki ya faɗa wa Ɓata-ciniki!"

Ba a ja lokaci ba. An ɗaura auren a ƙofar gida, Baba na zaune a kujera da filo a bayansa. Bai wakilta kowa ba, da bakinsa ya bayar da ita, kuma muryarsa ta fita har na baya suka ji. Gwaggo ma ta zo, ta yi kukanta ta huce. Yayyen amarya suka so a aro mota mai sheƙi a kai ta, Baba ya ce ba inda za ta sai a mai ruwan toka.

Da ta durƙusa yi masa sallama ya riƙe hannunta da na mijinta ya haɗa.

"Ku riƙa ganin juna da safe," ya ce. "Kada ɗayanku ya ɗumama wa ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi min."

Ya ga aurensu, ya ci abincin gidanta, ya zauna a falonta ya yi barci a kujera. Har ranarsa ta ƙarshe ta asibiti motar nan ba ta taɓa ƙin tashi ba. Shi ne wata safiya aka tashe shi bai tashi ba.

Motar na nan, ƙofarta a lotse yadda take. Auta ce ke tuƙawa, mijinta a gefe yana cewa, "Direbata, canja giya, kina wahalar da ita." In sun zo ɗaukar Umma, baya take shiga, ta matsa jikin ƙofa ta bar rabin kujerar. Ba wanda ya taɓa ce mata ta gyara zama.

Allah ya jiƙan mai wurin, ya sa ya huta. Su kuma Allah ya bar su tare, safe da yamma.